Ga Data, Ga Sabis, Amma Shafi Ya Ƙi Buɗewa

 

Kwanakin baya na je gaida yayata a wani ƙauye da ke tsakanin Ɗambatta da Makoɗa, ana tsakiyar girbin gero. Suna da 'yar akwatin intanet ɗin nan mai layi a ciki, wadda ake ce wa rauta, tana cin wutar sola, wayoyi huɗu da tsohuwar kwamfuta suna jan Wi-Fi daga jikinta. Na tarar da ɗiyarta ta yi jugum. Sakamakon NECO ya fito, kwana biyu tana neman shafin ya ƙi buɗewa. Mahaifinta ya sayi data har sau biyu, yana shirin ba ta kuɗin acaɓa ta tafi kafe. Abin mamaki, saƙonnin WhatsApp na ta shigowa.

To 'yar uwa, idan kin ga haka kada ki yi saurin ƙara sayen data. Hanya lafiyarta ƙalau, mai nuna gida ne ya ɓata.

Ga yadda abin yake. In za ki kira ƙanwarki, sunanta kike taɓawa, amma lambarta wayar ke bugawa. Haka intanet take. Kowane shafi yana da lamba, sunan da muke rubutawa, kamar neco.gov.ng, don sauƙinmu aka yi shi. Akwai wasu kwamfutoci da ba su da aiki sai juya suna ya koma lamba, su ake kira DNS, tsarin da wani Ba'amurke Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a 1983. In wannan mai juyawa ya daina amsawa, ko data ta cika maƙil shafi ba zai buɗe ba, sai ki ga an rubuto da Turanci cewa ba a sami adireshin ba, wani lokaci har da kalmar NXDOMAIN. Shi kuwa WhatsApp sau da yawa ya riga ya san lambar gidansu, shi ya sa yake ci gaba da aiki.

Fara da duba rubutunki. Harafi ɗaya in ya kauce, ko dai shafin ya ƙi zuwa, ko kuma, wanda ya fi muni, ki faɗa shafin 'yan damfara da suka yi suna mai kama da na gaskiya. Daga nan gwada wasu shafuka biyu ko uku. Idan guda ɗaya ne ya ƙi a kowace waya, matsalar daga masu shafin take, haƙuri ne magani. Ko manya ba su tsira ba: ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɓace kimanin awa shida, domin duniya ta kasa gano adireshinsu.

Idan duka suka ƙi, kashe Wi-Fi ki gwada da datar wayar kanta. Ya buɗe? To laifin yana wajen rauta. Kashe ta minti ɗaya ki kunna. Amma don Allah kada ki bari yara su soka tsinke a ɗan ramin nan na bayanta, yana goge duk saitin da aka yi mata ne.

Mai kwamfutar Windows tana da gwajin da ya fi wannan tabbas. A buɗe baƙin allon nan da ake kira cmd, a rubuta ping 8.8.8.8, sannan a rubuta ping google.com. In na farko ya amsa na biyu ya ƙi, kin kama ɓarawo. Rubuta ipconfig /flushdns kuma yana share tsofaffin adireshin da kwamfutar ta riƙe.

A gidan yayata abin da muka yi ke nan, lamba ta amsa, suna ya ƙi. Da na matsa da tambaya, sai babban ɗanta ya sunkuyar da kai. Ashe wani abokinsa ne ya ba shi wata lamba ya sa a rautar, wai tana hana tallace-tallace, ita kuwa lambar ta daina aiki. Muka shiga saitin rautar ta adireshin da ke rubuce a jikinta, galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.8.1, muka nemi gurbin DNS muka sa 8.8.8.8, ta Google ce, kyauta take tun 2009. Akwai kuma 1.1.1.1 ta Cloudflare da ta fito a 2018. Ko shayi bai huce ba sakamako ya bayyana, yayata ta rangaɗa guɗa.

Idan waya ɗaya ce tak ke gardama, duba wurin da aka rubuta Private DNS a saitinta, wanda Android ke da shi tun fitowa ta 9. Masu gyaran waya da samari kan cusa suna a nan. Mayar da shi kan Automatic.

Ni dai a gidan da ke da yara na fi son a sa 1.1.1.3, ita ma ta Cloudflare ce, tun 2020. Idan aka tambaye ta adireshin shafin batsa ko na masu cutar da na'ura, ba ta bayarwa. Sai dai ba ta tace abin da ke yawo a cikin TikTok ko zaurukan WhatsApp, kuma yaron da ya kashe Wi-Fi ya koma datarsa ya fita daga hannunta. Kafin ki canza kowace lamba, rubuta tsohuwar a takarda ki ajiye, ki kuma sauya kalmar sirrin shiga saitin rautar, kada ta zauna a hannun yara.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.