Wa Zai Ji Kukan Kanari?

Bahaushe ya yi hikima da ya kira sautin tsuntsu da suna guda, wato kuka. Ko tsuntsu yana nishaɗi a kan reshe, ko yana shan uƙuba a cikin keji, mu dai cewa muke yi yana kuka. Mu kuwa da muke zare kuɗi mu sayi wannan kuka, mu rataye shi a ƙofar ɗaki, ba mu taɓa tsayawa mun tambayi kanmu wane iri muka sayo ba. Wannan tambaya ce muke son mu ajiye a gaban 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu, dangane da kanari da tsada da sauran danginsu ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba, waɗanda ake cinikinsu a shagunan dabbobin gida da bakin kasuwanni.

Duk wanda ya taɓa leƙa irin waɗannan wurare ya san abin da za mu faɗa. Kejuna ne aka ɗora wani bisa wani, kashin na sama yana zuba a cikin abincin na ƙasa. Tsuntsaye sun cika keji maƙil, wasu ba su sami ko sandar tsayawa ba, sai maƙalewa a jikin waya. Ruwan sha ya yi kore. A can ƙasan kejin akwai wani ya kumbura gashi, ya lumshe ido, yana numfashi da ƙyar, 'yan'uwansa suna tattaka shi. Mai shago yana gani, mai saye yana gani, amma cinikin da ake yi shi ne na wanda ya fi zaƙin murya.

Domin a gane girman wannan zalunci, ya kamata a san halittar da ake magana a kanta. Yawancin waɗannan tsuntsaye nauyinsu bai wuce giram 10 zuwa 15 ba, zafin jikinsu kuma ya haura digiri 40. Jiki mai irin wannan zafi yana ƙone abinci da sauri, saboda haka dole ne tsuntsun ya wuni yana ci, yunwar kwana ɗaya ko biyu tana iya kai shi lahira. Daɗin daɗawa, shi ɓare tsaba yake yi, ya ci ƙwayar ya bar ɓawon a mazubi. Sai yaron shago ya hango mazubi a cike ya wuce, alhali ƙaiƙayi ne zalla, tsuntsu yana mutuwa da yunwa a gaban kwanon abincinsa. Haka kuma kanari ba aku ba ne da zai riƙa hawa waya da baki da ƙafa. Motsinsa tashi ne daga nan zuwa can, don haka keji mai tsawo a kwance yake bukata, amma abin da shaguna suka fi tallatawa shi ne ɗan ƙaramin keji mai ado wanda ya dace da idon mai saye. Sannan ɗabi'ar ƙaramin tsuntsu ce ya ɓoye ciwonsa, gama a daji wanda ya nuna rauni shi shaho ke fara ɗauka. Ran da muka ga alamar ciwo a fili, sau da yawa bakin alƙalami ya riga ya bushe.

To, me ya sa ɗan kasuwa zai zuba ido hajarsa tana mutuwa? Amsar ita ce arha. Aku yana da tsada, idan ya yi atishawa mai shi ba ya barci. Amma kuɗin da likitan dabbobi zai karɓa ya duba kanari ɗaya ya isa a sayo wasu da dama, saboda haka mai shago ya fi ganin riba a jefar da gawa da a nemi magani. Mutuwar tana cikin lissafi tun daga farko. Mai tarko ya san wasu za su mutu kafin ya kai su gari, dillali ya san wasu za su mutu a mota, mai shago ya san wasu za su mutu a keji, kowa kuma ya ɗora asararsa a kan kuɗin wanda ya tsira. Ashe mai sayen kanari ɗaya har da kuɗin gawawwakin da bai gani ba yake biya.

Wannan ciniki ba baƙonmu ba ne. Shekara da shekaru, ƙasashen Senegal da Mali da Gini suna cikin manyan masu fitar da ƙananan tsuntsayen daji zuwa shagunan Turai. Amurka ta taƙaita shigo da tsuntsayen daji da wata doka a 1992. Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da su a watan Oktoba na 2005, ta mai da hanin na dindindin a 2007, wani bincike na 2017 kuma ya ƙiyasta cewa cinikinsu tsakanin ƙasashe ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Sai dai kada mu yi saurin tafi. Tsoron murar tsuntsaye ne ya rufe ƙofar Turai, wato lafiyar kaji da ta mutane aka duba, tausayin kanari ya zo daga baya. Kuma wannan hani bai taɓa tarkon da ake ɗanawa domin kasuwanninmu na cikin gida ba.

Wani zai ce ai da yawan tsuntsayen shago a yau ƙyanƙyasar gida ne. Gaskiya ne, musamman irin na Ostareliya, ƙasar da ta hana fitar da tsuntsayenta na daji tun 1960. Amma wanda aka ƙyanƙyashe a keji shi ma yana jin yunwa da ƙishirwa da tsoro. Abin takaici, ko a ƙasashen da ke alfahari da tausayin dabbobi an mance da shi. Jihar Kalifoniya ta hana shaguna sayar da karnuka da kyanwoyi da zomayen 'yan kasuwar kiwo daga 2019, Faransa ta hana sayar da karnuka da kyanwoyi a shaguna daga 2024, amma waɗannan dokoki ba su haɗa da tsuntsaye ba. A nan Nijeriya, sashe na 495 na kundin laifuka na Kudu da sashe na 207 na kundin Arewa sun haramta zaluntar dabbobi. Shin a cikinmu wa ya taɓa jin an gurfanar da mutum saboda ya cusa tsuntsaye a keji har sun mutu?

Mun san za a ce mutane ma ba su ƙoshi ba, wa ke ta tsuntsu? Amma sauya ruwa da bushe ƙaiƙayi da rage cunkoso ba sa cin kuɗin tuwon kowa. Za a ce ajiye tsuntsu ba haramun ba ne. Mun yarda, amma malamanmu sun karantar da mu cewa halaccin yana tare da sharaɗin ci da sha da kulawa, kuma tun muna yara muka ji makomar matar da ta kulle kyanwa har ta mutu da yunwa. Akwai kuma mai kyakkyawar zuciya da ke sayen tsuntsun da ya galabaita domin ya cece shi. Wannan bawan Allah ya koya wa mai shago cewa ko wahalar ma haja ce, gobe zai tarar an cike gurbin da wani.

Saboda haka igiyar tana hannunmu, mu masu saye. Kada mu ba da ko kwabo a wurin da muka ga cunkoso da ƙazanta da tsuntsu marar lafiya, kuma mu gaya wa mai shago dalilinmu baki da baki. Mu tambayi asalin tsuntsu, idan kamun daji ne mu bar shi. Wanda ba zai iya samar da faffaɗan keji da inuwa da ruwan wanka da ganye da abokin zama ga irin da ke rayuwa a garke ba, ya haƙura da kiwon. Hukumomin kula da lafiyar dabbobi na jihohi su ma su riƙa leƙa waɗannan shaguna kamar yadda suke leƙa mayanka. Wanda kuma kukan kanari kaɗai yake so, ya watsa gero a tsakar gida, ya ajiye ruwa a kasko a gindin bishiya, ya zauna ya saurara. Allah ya sa mu zamo masu tausayin abin da ba ya iya kai ƙara.