Kafin a sayi a-kori-kurar Amurka, a duba sitikar bakin ƙofa

A Amurka, motar a-kori-kura ta zama abin hawan iyali. Da ita ake kai yara makaranta, ranar hutu kuma a ɗaura mata tirelar dawaki ko ta kwalekwale. Ajin da ya fi kasuwa shi ne wanda ake kira "rabin tan", wato Ford F-150, Chevrolet Silverado 1500, GMC Sierra 1500, Ram 1500 da Toyota Tundra. Tun 1977 jerin motocin Ford F-Series ke kan gaba a cinikin a-kori-kura a ƙasar. Wasu daga cikin irin waɗannan motoci, musamman Tundra da F-150, suna shigowa Najeriya a matsayin tokumbo, don haka batun ya shafi mai saye a Kano ko Abuja.

Sunan kansa tsohon yayi ne. A da, rabin tan na nufin motar na ɗaukar kaya fam 1,000, kimanin kilo 450. Na yanzu sun wuce haka nesa ba kusa ba, kuma kamfanoni na gasa wajen tallata nauyin da motarsu za ta iya ja. Ford ta ce F-150 ta shekarun 2021 zuwa 2023 na iya jan fam 14,000, kimanin kilo 6,350. Sabuwar Tundra da ta fito a 2022 na jan fam 12,000.

A nan masu saye ke ruɗuwa. Wannan adadi na samfuri guda ne da aka haɗa da wani inji, wasu giya da kayan ja na musamman. Motar da ke gaban mai saye, mai ƙofa huɗu da kujerun fata da rufin gilashi, ta fi wancan samfurin nauyi, kuma duk kilon da aka ƙara mata na rage abin da za ta iya ɗauka.

Adadin da ya kamata a nema yana kan wata sitika a bakin ƙofar direba. A nan aka rubuta iyakar nauyin mutane da kaya da wannan motar takamaimai za ta ɗauka. Tirela kuma ba janta kawai ake yi ba, tana danne bayan mota. Ƙa'idar da masu ƙera motoci ke bayarwa ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela ya sauka a kan ƙugiyar ja.

A ɗauki misali. Tirela mai kilo 4,000 za ta ɗora wa motar kilo 400 zuwa 600. Idan sitikar ta ce kilo 700, aka kuma zauna mutum biyar masu kilo 75 kowanne, an riga an wuce iyaka tun kafin a saka ko buhu ɗaya a baya. Injin zai ja, amma gaban motar zai ɗago, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, birki ya ƙi kamawa a kan lokaci, tayoyin baya su yi zafi. Idan tirela ta fara lilo a kan babban titi, rayukan na cikin motar da na sauran masu bin hanya ne ke cikin hatsari. Shi ya sa jihohi da dama a Amurka suka wajabta wa tirelar da ta wuce fam 3,000 birkinta na kanta.

Sai zirga-zirgar yau da kullum, wadda ita ce mafi yawan aikin motar. F-150 mai ƙofa huɗu ta kusa mita shida a tsawo, ga faɗin mita biyu. Mai shiga lungunan cikin gari ko kasuwa ya san wahalar ajiye irinta. Tsohuwar Tundra mai injin V8 na lita 5.7 na shan kusan lita 16 na fetur a kowane kilomita 100 ba tare da tirela ba. Daga Kano zuwa Abuja ke nan kimanin lita 70. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan lissafi ne da ba a yi masa ko-oho.

Gyara ma abin dubawa ne. Tun samfurin 2015, bodin F-150 na aluminiyom ne, kuma ba kowane mai gyaran bodi ke da kayan aikinsa ba. Tundra ta bar V8 a 2022 ta koma V6 mai turbo biyu, sannan a 2024 Toyota ta yi kiranye ga motoci fiye da 100,000, Tundra da Lexus LX, saboda tarkacen ƙarfe da ka iya ragewa a cikin inji tun daga masana'anta. Mai sayen tokumbo ya binciki lambar motar, ya tabbatar an yi mata gyaran.

Ga mai noma ko ɗan kwangila a Arewa, sau da yawa Hilux ta wadatar. Tana ɗaukar kusan tan guda, wasu samfuranta na dizal na jan kilo 3,500, ga makanikai da kayan gyara a kowane gari.

Daidai ruwa, daidai tsaki. Mai saye ya fara sanin nauyin tirelarsa cike da kaya, ya ƙirga mutanen da zai ɗauka, sannan ya buɗe ƙofar direba ya karanta. Dillalai kuma hakki ne a kansu su nuna wa abokan cinikinsu wannan adadi kafin a yi ciniki.