Sanarwar Bayan Taron Iyaye da Malamai a Dogon Daji kan Karantar da Yara a Gida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Mu, iyayen yara da malaman allo, na Islamiyya da na firamare daga Dogon Daji, Sanyinna, Jabo da wasu garuruwan Tambuwal da Kebbe, mun zauna a Dogon Daji kan tambayar da ta daɗe tana yawo a majalisunmu: ko uba yana da ikon cire ɗansa daga makarantar boko ya karantar da shi a gida?

Taron ya fara da abin da ya jawo maganar. Da yawa daga iyayen da suka tsare 'ya'yansu a gida, musamman a ƙauyukan bakin daji, tsoro ne ya sa su. Tun da aka kwashe ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a Yunin 2021, uwar da 'yarta ke taka doguwar hanya zuwa makaranta ba ta da kwanciyar hankali sai ta gan ta ta dawo. Wasu kuma sun gaji da tura yaro ajin da babu malami. Taron bai ga laifin waɗannan iyaye ba.

Sai dai doka ba ta bar ƙofa a buɗe ba, kuma wajibi ne mu faɗa wa juna gaskiya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta tarayya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara 9 na karatu kyauta, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, ta kuma ɗora wa iyaye nauyin ganin ya shiga ya gama. Sashe na 4 ya ce ta hanyar zuwa makaranta a kai a kai za a sauke wannan nauyi. Wanda kotu ta kama da saɓawa, karon farko gargaɗi ne, na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, daga nan Naira 5,000 ko wata biyu, kuma ana iya haɗa tara da ɗauri. A Ingila doka ta yarda uba ya karantar a gida, a Jamus ta hana. Tamu ba ta tanadi hanyar yi wa karatun gida rajista ba. Saboda haka yaron da ke gida, komai ƙwazon mai karantar da shi, a idon hukuma ba ya makaranta.

Dokar nan ta hau kan hukuma ma. Ta hana karɓar kuɗi a makarantun gwamnati na wannan mataki, ta sa wa mai karɓa tarar da za ta kai Naira 10,000 ko ɗaurin wata uku. Bai kamata a tuna wa talaka da sashen hukunci a manta da wannan ba.

Malamanmu mata sun tunatar da taron cewa karatu a cikin gida ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura jajojinta, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata a gidajensu, kuma har yau a zaure da tsakar gida yaranmu ke fara babbaƙu da farfaru.

Taron ya yanke shawarar kowane magidanci ya kai ɗansa a rubuta sunansa a firamare mafi kusa, karatun gida da na allo su ci gaba da asuba da yamma kamar yadda aka saba. Inda hanya ba ta da tsaro, masu unguwa su kai rahoto ofishin ilimi na ƙaramar hukuma a rubuce, domin kada a ɗauki shirun iyaye a matsayin ƙin doka.

Muna roƙon Hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jihar Sakkwato (SUBEB) ta turo malaman lissafi da Turanci zuwa makarantun allo da Islamiyyun ƙauyukan da abin ya shafa, ta kuma lissafa yaransu cikin ɗalibai. Dokar 2004 da kanta ta ambaci almajirai da 'ya'yan makiyaya cikin waɗanda ta shafa, ga kuma hukumar almajirai da yaran da ba sa makaranta da aka kafa a 2023. Muna roƙon Majalisar Dokokin Jiha ta fayyace sharuɗɗan karatun gida: wa zai karantar, me za a karantar, da yadda yaro zai zauna jarrabawar kammala ƙaramar sakandare.

Za a miƙa kwafin wannan sanarwa ga hakimai da sakatarorin ilimi na Tambuwal da Kebbe.

Sa hannu: Shugaban taro da Sakatare, a madadin mahalarta.