A Gyara Ɗaki Kafin a Ƙure Sifika

Tun da farantin sola ya hau rufin gidajenmu, sifika ta shiga cikin kayan ɗaki. Daga Bagega zuwa Anka, daga Bukkuyum zuwa Gummi a nan Zamfara, da wuya ka wuce shagon mai cajin waya, ko teburin mai shayi, ko ɗakin saurayi, ba ka ji ta ba. A cikinta ake sauraron tafsiri, da labaran duniya, da kotson Ɗanƙwairo. Wannan ci gaba ne, kuma ina murna da shi. Abin da ke damuna shi ne ɗabi'ar murɗa sauti har ƙarshe, a ɗaki ƙarami, ga jariri kwance a kan katifa.

Tambayi mai sifikar dalilin ƙure ta, zai ce maka ba ya jin maganar sosai. Gaskiya ya faɗa, sai dai sau da yawa laifin na ɗakin ne. Ɗakunan da muke ginawa yanzu bulo ne da shafen siminti, ƙasa tayil ko daɓen siminti, sama kwano babu silin. Duk waɗannan abubuwa ne masu tauri da santsi, sauti na dukansu ya dawo. Kafin kalmar farko ta gushe a ɗakin, ta biyu ta riske ta, sai maganar malami ta cakuɗe. In ka ƙara sauti, har da amsa-kuwwar ka ƙara. Ƙaramar sifika kuma in an kai ta maƙura sai muryarta ta dishe, ta fara kakkarwa. Ka shiga ɗakin amarya inda aka ɗora sifika a kan kabad ɗin jere: ganga na bugawa, murafan kwanuka na amsawa, rabin abin da kunne ke sha ƙarar ƙarfe ce. Tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara, da tabarmi da labule, ba ya wannan rigima, domin bangonsa mai kaushi ne, kayan cikinsa kuma suna shanye sauti.

Gyaran ba ya cin kuɗi da yawa. A shimfiɗa darduma ko tabarma a ƙasa. A rataya labule mai kauri a taga da ƙofa. Wanda ke da hali ya yi silin, ya huta da zafi, ya huta da amo. A cire sifika daga kusurwa, domin kusurwa na kumbura kaurin sauti har ya danne magana. A ɗauke ta daga ƙasa da kan akwatin ƙarfe, a ɗora ta daidai kunnen mai zama, tana fuskantarsa. A matso da ita kusa da mai saurare maimakon a sa ta yi ihu daga wancan bango. Wanda ya yi haka zai ga da rabin sautin jiya yana jin kowace kalma.

Me ya sa nake nacewa? Domin a can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa na kashe su kaɗan-kaɗan, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hirar mutum biyu tana kusan 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma in sautin ya kai 90, awa 4 kacal ke gare shi a makon. Ga yara ta sauke ma'aunin zuwa 75. Hukumar ta kuma yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan 1 a duniya na cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraro. Ba mu da na'urar awo a gida, amma akwai gwaji mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke zaune kusa da kai ya ji ka, sautin ya wuce kima. In ka kashe sifika kunnenka ya ci gaba da amo shi kaɗai, kunnen ne ke kai ƙara.

Mutanen Bagega sun fi kowa sanin cutar da ido ba ya gani. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gari, har a tsakar gida. Yara fiye da 400 suka rasu a Zamfara. Sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka samu damar yi wa yaran garin magani. Yaran wancan lokaci su ne samari da 'yan matan yau, su ne ke kwana da abin sauraro toshe a kunne, wasunsu kuma suna yini a gindin injin niƙan dutse. Masana sun lissafa dalma cikin abubuwan da ke raunana ji, kuma in ta haɗu da ƙara ɓarnar na iya ƙaruwa. Kunnen da ya sha wannan wahala tun yana goye ya cancanci a tausaya masa fiye da na kowa.

Sannan akwai haƙƙin maƙwabci. Katangar gidajenmu gajera ce, sauti ba ya neman izini kafin ya tsallaka. A can bayanta akwai mara lafiya, da mai jego, da ɗalibi mai tilawa. Alƙur'ani ya kawo wasiyyar Lukman ga ɗansa a kan sassauta murya, hukumar kare muhalli ta NESREA kuma tana da dokar taƙaita hayaniya tun 2009. Ko wa'azi ne ka kunna, ladarsa ba ta ƙaruwa da hana wani barci. A yankin da tsaro ya yi wuya, inda ƙarar babur daga nesa ko kiran maƙwabci cikin dare ke iya ceton rai, gidan da sifika ta cika shi ne na ƙarshe da zai ji. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ina kira ga iyaye su nisanta sifika daga shimfiɗar jarirai, masu shaguna su juya ta ciki su rage, masu aikin inji su nemi abin toshe kunne, limamai su ambaci wannan a huɗuba. Yaron da ake kira ba ya juyowa, a kai shi asibiti a duba kunnensa kafin a ce taurin kai ne. Kai kuma mai karatu, daren yau ka shimfiɗa tabarma, ka saki labule, ka rage sautin.