Koren ganye a jikin leda ba shaida ba ne

Jama'a, akwai wani sabon yayi da masu saida yadi da kayan jarirai a WhatsApp da Instagram suka ɗauko, kuma ya kamata a taka masa birki. Za a liƙa hoton koren ganye a jikin leda, a rubuta "organic" ko "eco-friendly", sai a ninka kuɗi. Ka tambayi wa ya tabbatar, a ce maka ai daga waje ya zo. To, gwanjo ma ai daga waje yake zuwa!

Waɗannan kalmomi kowa zai iya buga su a firinta. Shaida ita ce wadda wata hukuma ta bayar bayan bincike, kuma tana zuwa da lamba.

Guda biyu aka fi gani a jikin tufafi, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. OEKO-TEX Standard 100, wadda aka fara a 1992, abin da take cewa shi ne an gwada yadin, ba a samu sinadarai masu cutar da jiki fiye da ƙima ba. Shi ke nan. Ba ta ce komai kan yadda aka noma audugar ba, hasali ma yadin roba zalla yana iya samunta. Ita kuwa GOTS daga gona take farawa: kafin a rubuta "organic" sai kashi 95 cikin ɗari na zaren ya fito daga noman da ba takin zamani ba maganin feshi, in kashi 70 ne sai dai a ce an haɗa da shi. Tana kuma duba rini, da ruwan dattin masaƙa, da haƙƙin ma'aikata. Dukkansu biyun suna da lamba a jikin tambari, kuma kowa zai iya shigar da ita a shafinsu na intanet ya gani. In babu lamba, zane ne kawai.

Sai kuma batun yadin gora da ake ta yi wa kirari. Yawancinsa viscose ne, wato an narkar da itacen da sinadarai masu ƙarfi kafin a ja shi ya zama zare. A 2022 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa aka ci Walmart da Kohl's tarar dala miliyan 5.5 saboda sun saida irin wannan yadi da sunan gora. Can tara ake ci, nan kuwa tafi muke yi.

Wani zai ce talaka na neman abin da zai rufa jiki, ina ruwansa da tambari? Ai shi ya fi kowa ruwa. Fiye da rabin zaren da duniya ke saƙawa yau polyester ne, daga man fetur ake yin sa. Shi ake miƙa wa mutum da sunan auduga, ya sa wa jariri a zafin Afrilu, ƙuraje su feso. Iyayenmu a Kantin Kwari ba su jira wata hukuma ba: a zare zare ɗaya a kunna masa ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka, roba kuwa narkewa take ta dunƙule.

Masu saida kaya, ku ji tsoron Allah. Kiran abu da sunan da ba nasa ba algus ne, ko da Turanci aka rubuta shi. In kuna da lamba ku nuna, in babu ku cire ganyen ku saida a farashinsa.

Mu masu saye kuma, mu daina jin kunyar tambaya. Kuɗinmu ne, fatar 'ya'yanmu ce.