SHARHI: Hanya Ba Ta Mutuwa Sai Masu Gyaranta Sun Watse

Tun da aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan a 1916, arzikinta bai taɓa rabuwa da hanya ba. Shanu su gangaro daga Arewa, huhunan goro su haura, masu masauki da dillalai kuma su ci abinci a tsakani. Saboda haka duk ramin da ya buɗe tsakanin Makwa, Jebba, Ilori da Oyo, a aljihun ɗan Sabo yake ƙarewa. Saniyar da ta ƙara kwana biyu a tirela ta rame, farashinta ya faɗi, alhali kuɗin mota ya ƙaru.

Masu tarihi sun san irin wannan ciwo. Rumawa sun shimfiɗa hanyoyin dutse na kimanin kilomita 80,000, kuma wani sashe na hanyar Afiya, wadda aka fara a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), yana nan har yau. Amma da daular ta rushe a yammacin Turai a 476, sai sana'ar ta bi ta. Ba dutse ne ya ƙare ba. Baitulmalin da ke biya da sojojin da ke aikin su ne suka watse, babu wanda ya rage yana koya wa yaro. Turai ta yi sama da shekara 1,000 tana faman laka kafin injiniyoyi irin su Makadam na Birtaniya su sake tsara aikin, su nuna cewa asirin hanya shi ne a raba ta da ruwa.

Nijeriya ma ta taɓa riƙe wannan asiri. A zamanin hukumar ayyuka ta P.W.D., kowane yanki na hanya yana da helma da leburorinsa, masu yashe kwalbati kafin damina da cike rami tun yana ƙarami. Aikin ba shi da kwarjini, ba a yanka masa kyalle, wataƙila shi ya sa kuɗin fetur suka kashe shi. Aka koma ga manyan kwangiloli. Babban titin Legas zuwa Ibadan, mai tsawon kimanin kilomita 127, an buɗe shi a 1978. Kafin 2013 ya lalace har sai da aka ba kamfanonin Julius Berger da RCC aikin sake shi, aikin da ya ci shekara da shekaru.

Kafa hukumar FERMA a 2002 amincewa ce da kuskuren, amma hukuma ba ta zama gwani sai da kuɗi masu zuwa a kan kari. Ya kamata gwamnatin tarayya da ta Jihar Oyo su ware kason gyara da ba a taɓawa, su ɗauki ma'aikata na dindindin, su kuma nemo tsofaffin obasiyoyin da suka rage su horar da matasa. Hanyar Ilori zuwa Makwa ce ta fi cancanta a fara da ita.