Macijin da ya ƙoshi, haƙƙinsa a ƙyale shi



A Amurka da ƙasashen Turai akwai masu kiwon macizai a cikin gida kamar yadda ake kiwon kyanwa. Mafi farin jini a wurinsu wata ƙaramar mesa ce mai dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, wadda ake fitarwa daga Gana da Togo da Binin. Sau da yawa mai kiwon yakan rikice bayan ya ba ta abinci: ga ta tana hamma, ta shige maɓoyarta ta ƙi fitowa, in an taɓa ta ta kai sara. Sai ya ce dabbar ta sauya hali. A ganina, rashin sani ne da gaggawar mai ita.

Maciji ba ya tauna, haɗiyewa yake yi. Muƙamuƙinsa na ƙasa ɓari biyu ne, da jijiya mai miƙewa tsakaninsu. Hammar nan gyara zaman muƙamuƙin ce bayan wahalar haɗiya.

Sannan aikin ciki ya fara. Binciken Stephen Secor da Jared Diamond a shekarun 1990 kan mesar ƙasar Bama ya nuna cewa bayan babban abinci, iskar oksijin da jikinta ke amfani da ita tana iya ninkawa har kusan sau 40. Hanjinta yakan ƙara girma, ruwan cikinta ya yi tsamin da zai narkar da ƙashi. Wanda ya gan ta kwance zai ce lalaci ne, alhali aiki take yi mai tsanani. Tunda kuma jikin maciji ba ya samar wa kansa ɗumi, dole ya nemi wuri mai zafi, domin a cikin sanyi abincin ba ya narkewa yadda ya kamata.

To, a wannan hali ne wani zai ɗauko ta ya rataya a wuya don ɗaukar bidiyo. Mesa mai nauyin ciki ba ta iya gudu, don haka idan ta firgita takan amayar da abincin. Wannan aman yana ƙona mata maƙogwaro, kuma idan ya yawaita yana iya kashe ta. Shi ya sa masana kiwo suke cewa a bar ta aƙalla awa 48 ba a taɓa ta ba, idan kuma ta yi amai a jira kamar mako 2 kafin a sake ba ta abinci. Amma numfashi da baki a buɗe, da majina, da yawan amai, alamomin ciwo ne da ke buƙatar likitan dabbobi.

Ya ɗan'uwa, dabbar da ka tsare amana ce a wuyanka. Mun san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Ciyarwa kaɗai ba ta sauke nauyin. Har da ɗumi, da maɓoya, da haƙurin ɗauke hannu. Wanda ba zai iya haƙurin kwana biyu ba, ya bar mesa a dajinta.

Allah Ya sa mu zama masu tausayin halittunsa. Wassalam.